Samfefa a Fuskar Auta

Haƙori biyu Auta ya zubar wa wani direba da naushi ɗaya. Direban ya kawo mota gyara ne garejin babansu. Yana tsaye yana jiran a duba masa ƙofa, sai ya ƙare wa fuskar Auta mai cike da ƙuraje kallo, ya ce wa na kusa da shi, "Masu gyaran bodi ke nan. Ga bodi a gida ya gagare su." Dariyar da ya fara ba ta kai ƙarshe ba. Sai da ƙarti uku suka ɓamɓare Auta daga kansa.

Haka aka kawo shi asibitin fata inda yayarsa take aiki, bayan hannunsa a tsage inda haƙoran suka shiga. Baba ne ya kawo shi, riƙe da wuyan rigarsa kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa, duk da cewa shekarar Auta ashirin da uku kuma ya kere wa uban tsawo.

A gida Nas ake ce wa yayar, tun daga Baba har yaran maƙwabta. Shekara shida ke nan tana aiki a ƙarƙashin wata likitar fata, a saman bene, ɗaki uku da labule a tsakani. Ta dubi hannun, ta dubi Baba.

"Shi ɗayan fa?"

"Yana can yana neman haƙoransa a ƙarƙashin mota. Ɗinke wannan mu tafi, aiki na jira."

"Ba a ɗinke cizo, wankewa ake yi. Ku zauna, ina da mutum a kan kujera."

Baba bai zauna ba. Bai iya ganin wani yana aikin hannu ya kau da kai ba. Ya tsaya a bakin labule yana leƙe.

Mutumin da ke kan kujerar wani ma'aikacin banki ne, ƙurajensa masu sauƙi, irin ƙananan nan masu baƙin kai da ke cika hanci da goshi. Nas ta riga ta turara masa fuska da tururi. Ta ɗauki wani siririn ƙarfe mai ɗan zobe a baki tana dannawa ɗaya bayan ɗaya, maiƙon yana fitowa kamar tsutsa. Da ta gama sai ta kunna wani ƙaramin inji mai tiyo, ta riƙa bin kumatun mutumin da bakinsa a hankali. Mutumin ya tashi fuska sumul, ya yi godiya ya fita.

Baba ya shiga, ya ɗauki bakin injin ya goga a babban yatsansa.

"Wannan me yake yi?"

"Matacciyar fatar sama yake gogewa. Ajiye, Baba, yanzu sai na sake tsabtace shi."

"Samfefa ce ke nan, takardar da muke gurza bodi da ita." Ya sake gogawa, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana gishiri. "Ba za ta wuce lamba dubu biyu ba. Ina da irinta kwali guda."

Nas ta yi dariya. Ba ta ga abin tsoro a maganar ba.

"To me ya hana ki yi wa ƙanenki? Bare ya zo kin goge shi tas, na gida yana yawo da fuska kamar bayan kada."

Auta yana zaune a kan benci bayan labule, yana ji. Nas ta jawo shi ciki, ta sa hannunsa a ƙarƙashin famfo, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Nasa ba irin wancan ba ne. Ƙuraje kala-kala ne, Baba. Akwai mai baƙin kai, shi ake matsewa. Akwai mai farin kai da ruwa, shi sabulun asibiti da man shafawa ke kashe shi, in an bar shi ya huta. Na Auta a can ƙasa suke, ƙullutu ne, ba su da baki. In ka matsa, a ciki suke fashewa. Ba a matsa su, ba a goga su. Ƙwaya ce maganinsu, kuma yana sha."

"Sati shida yana sha. Da guda goma ne, yanzu sun fi talatin. Ga leɓe duk ya tsattsage."

"Haka take yi da farko, sai ta fito da su kafin ta busar. Kuma tana sa fata ta zama kamar takarda. Ko tawul mai kaushi ban yarda ya sa ba. Wata biyar ya rage."

"Wata biyar." Baba ya jefar da bakin injin a kan tire. "Shekara talatin da biyar ina gyaran fuskar mota. Tudu a buga, a gurza, a cike, a fesa. Ba wadda ta taɓa yin wata biyar a hannuna."

"Auta ba mota ba ne."

"Ƙwarai kuwa. Mota ba ta fasa wa kwastoma baki."

Gaggawar Baba da dalilinta. A cikin garejin akwai wata baƙar mota ta manajan wani kamfanin sayar da sababbin motoci, an kawo a sake mata fenti. Ran da manajan ya kawo ta ya ji Auta yana yi wa wani bayanin inji, ya ce yaron nan yana da baki kuma ya san mota, a turo shi ranar Alhamis a gwada shi a ɗakin da ake nuna motoci. Aikin riga mai tsabta, ba walda, ba ƙura. Amma da zai tafi sai ya ja Baba gefe ya ce, "Ka san masu sayen sabuwar mota fuska suke fara kallo. A ɗan yi wani abu a kai." Da maganar nan Baba yake kwana, da ita yake tashi.

Da yamma a tsakar gida Nas ta gaya masa abin da ta samo. Likita ta yarda ranar Litinin ta yi wa manyan ƙullutun Auta guda biyu allura, irin siririyar nan da ke sa ƙullutu ya sace cikin kwana biyu.

"Biyu cikin talatin," in ji Baba. "Mota ta faɗa rami, ke kin zo goge madubi."

"Ba a fafe gora ranar tafiya, Baba."

Kofin da ke hannunsa ya wurgo mata. Ta kauce, ya tarwatse a bango. Umma ta ɗauko tsintsiya ta share. A gidan ba sabon abu ba ne, kowa ya san ta gefen da ake kaucewa.

Nas ta zaga baya wurin famfo, ta tarar da Auta ya jingina wani tsohon madubin babur a kan bulo, ya sa yatsu biyu yana danna ƙurjin da ke ƙasan kunnensa, idonsa na hawaye don zafi. Ta kai wa hannun duka da iyakar ƙarfinta, a daidai kan bandejin da ta naɗa masa da rana.

Ya riƙe hannun, bai rama ba.

"Wata biyar, Yaya. Ke ba ke ake kallo ba. Mai aski in ya hango ni sai ya ce injinsa ya lalace."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Karantawa kika yi."

Ta tsaya a kansa sai da ya ci abinci ya haɗiye ƙwayar a gabanta, ta sa ya buɗe baki ta duba.

Ranar Lahadi gareji yana hutu, asibiti ba ya yi. Wajen sha biyun rana wayarta ta yi ƙara, ta ga Umma ce.

"Nas, babanku ya tambaye ni sabon tawul, na ba shi. Sai kuma na ga ya ɗauki babbar allurar ɗinkina. Sun fita da Auta da Baffanku."

"Tun yaushe?"

"An yi awa guda. Na ce in kira ki, na ce kar in kira."

Ko farar rigar aiki ba ta cire ba. Ta tari mai babur ta ce ya yi sauri, in ya ga rami ya faɗa, ita ba ta damu ba.

Ƙofar garejin a ɗaure take da sarƙa ta ciki. Injin iska yana ta ruri, alhali ba a feshi ranar Lahadi. Ta buga, ta kira, ba wanda ya amsa. Ta zaga ta baya inda wani kwano ya saki ƙusa tun suna yara, ta ɓanƙare shi ta kutsa. Bakin kwanon ya yanke ta a ƙwauri, ba ta tsaya dubawa ba.

Sun shimfiɗa kujerar bayan wata mota a ƙasa, a ƙarƙashin fitilar aiki. Auta yana kwance a kai, an ɗaure ƙirjinsa da bel ɗin mota. Baffa, ƙanen Baba, wanda shi ne mai feshin garejin, ya durƙusa ta wajen kai, gwiwa ɗaya a kan kowace kafaɗa, ya riƙe kan da hannu biyu ya juya shi gefe. Baba ya shirya aikin yadda ya saba shirya kowane aiki. Ya rufe idon Auta da kunnensa da gashinsa da jarida, ya bi gefen da salatif a miƙe, kamar yadda yake rufe fitila da gilashi kafin a yi fenti. Kuncin hagu kaɗai ya bari a buɗe.

Kuncin ba fata a kai. Ya riga ya bi ƙullutun da allurar da ya gasa a wutar walda, ya huda ya matse. Yanzu ya naɗe samfefa a jikin ɗan katako, yana tsomawa a bokiti yana gurzawa, zagaye-zagaye, ba sauri, ba wasa. Ruwan bokitin ya koma ja. Ƙafafun Auta suna dukan siminti, duk ihun da yake yi injin iska yana haɗiyewa.

Nas ta fizge wayar injin daga bango. Garejin ya yi tsit, sai numfashin Auta.

Baba ya ɗago. "Kin zo a daidai. Riƙe mini fitilar nan, inuwa tana hana ni gani."

"Baba, ka ɗaga hannunka daga fuskarsa."

"Dubi nan." Ya nuna da ɗan yatsa, da alfaharin mai sana'a. "Ya kwanta. Duk tudun ya kwanta. Abin da kika ce wata biyar."

"Ba kwanciya ya yi ba, cire shi ka yi da fatar gaba ɗaya. Nama kake gurza."

"Yaya, ki fita." Muryar Auta ce daga ƙarƙashin jarida, a shaƙe. "Ni na ce a yi."

"Kin ji," in ji Baba. Ya tsoma samfefar a bokiti.

Ta cafke damtsensa da hannu biyu. Ko juyowa bai yi ba, gwiwar hannu ya kai mata ta baya. Ta same ta a baki, ta yi baya ta faɗi a kan tarin tayoyi. Ta ji gishirin jini a harshe.

"'Yata, ki bari a gama," in ji Baffa, bai yarda sun haɗa ido ba. "Rabin aiki ya fi muni. Gefe ɗaya ya rage."

Baba ya ajiye katakon, ya jawo gwangwanin tina, ruwan nan mai wari da suke wanke ƙarfe da shi kafin fenti. Ya jiƙa gefen sabon tawul.

"Baba, kar ka sa masa wannan. Wallahi ƙona shi zai yi."

"Shi ke kashe datti. Ke ma ai kina shafa abu mai zafi a asibitinku, na ji warinsa."

Ya ɗora tawul ɗin a kan ciwon.

Nas ta sha jin ihu a wurin aiki, ba ta taɓa jin irin wannan ba. Auta ya banƙare har kujerar ta ɗaga daga ƙasa, Baffa ya kusa kifawa ta gaba. Bel ɗin ya riƙe. Da ihun ya ƙare sai wata ƙaramar murya ta biyo baya, irin wadda yake yi yana ɗan shekara biyar.

"Baba, ya isa. Na fasa. Baba, don Allah na fasa."

"Ba a fasawa a tsakiya," in ji Baba. "Juya min shi."

Baffa ya murɗa kan. Baba ya ɓalle jaridar daga kuncin dama, ya gyara salatif, ya ɗauki allura ya ɗaga ta a fitila yana dubawa. Kuncin dama yana nan da ƙurajensa, jajaye, a kumbure, amma da fatarsa.

Nas ta tashi. Ta auna mutanen biyu da ido ta san ko su huɗu ne irinta ba za su ɗaga Baba daga wurin ba. Wanda ya yi shekara talatin da biyar yana dukan ƙarfe, hannun mace ba ya motsa shi. Kuka ma ba ya motsa shi, Umma ta gwada shekara da shekaru.

A ƙarshen garejin an kewaye wani lungu da leda don kar ƙura ta shiga. Motar manaja tana ciki. Jiya Baffa ya fesa mata shafi na ƙarshe, Baba ya hana kowa ko numfashi kusa da ita. Baƙi ƙirin, tana sheƙi kamar ruwan rijiya.

Nas ta bi ta gaban teburin kayan aiki. A nan ta girma, ta san inda komai yake. Ta wuce kwalin mai laushi, ta zaro samfefa lamba tamanin, mai kaushin da ake cin tsatsa da ita. Ta yage ledar ta shiga.

"Baba."

Bai waiwayo ba. Ya riga ya kafa bakin allurar.

Ta ɗora samfefar a kan bonet, murfin injin motar, ta danna da tafin hannu, ta ja tun daga gindin gilashi har hancin motar. Fentin bai gama ƙarfi ba, ya naɗo a ƙarƙashin hannunta kamar danƙo. Ƙarar da ya yi kowa a garejin ya san ta.

Baba ya miƙe tsaye, allurar a hannunsa.

"Ajiye wannan."

"Ka ajiye taka."

"Kin san motar wa ce?"

"Na sani." Ta mayar da hannu gindin gilashi ta sake ja, a giciye.

Ba ta san Baba yana da gudu haka ba. Marin farko ya kai ta jikin ƙofar motar. Ba ta saki samfefar ba, tana faɗuwa tana gurzar ƙofar. Ya damƙi hannun, ya matse yatsun a cikin nasa, ya lanƙwasa su ta baya. Ta ji ƙas, ta sake jin ƙas. Samfefar ta faɗi. Bai tsaya ba, ya shaƙo wuyan farar rigar ya ci gaba da kifa mata mari, yana faɗin abu ɗaya, "Kwana tara. Kwana tara na yi a kanta."

"Yaya, za ka kashe ta," in ji Baffa. Ya saki kan Auta ya taso da gudu ya riƙo hannun yayansa.

Abin da Nas take so ke nan. Ta gefen idon da bai kumbura ba ta ga Auta ya lalubo maɓallin bel ya ɓalle. Ya taso jarida na reto a rabin fuskarsa, ido ɗaya a rufe. Ya ture Baffa gefe, ya rungumo Baba ta baya a ƙugu, ya ɗaga shi sama ya maka a kan tarin tsofaffin ƙofofin mota. Ƙarfe ya amsa. Kafin Baba ya yunƙura Auta ya sunkuya ya ɗauki gudumar buga bodi daga ƙasa, ya tsaya a kansa, ya ɗaga ta.

Baba yana kallonsa daga ƙasa, bai kare kansa ba. Baffa yana ta salati.

"Auta," in ji Nas. Bakinta a fashe, maganar ba ta fita sosai. "Tinar tana cin ka. Duk minti ɗaya ƙara zurfi take yi. Zo famfo."

Gudumar ta tsaya a sama.

"Zo famfo, na ce. Shi yana nan, ba inda za shi. Fatarka ce ba ta jira."

Ya saki gudumar a gefen kan Baba, ta ɓalli siminti. Ya biyo ta.

Ta durƙusar da shi a bakin famfon wanke motoci, ta ɓalle jaridar da salatif da hannun hagu, ta sa kuncin a ƙarƙashin ruwa. Hannun dama ta rataye shi a ƙirji, yatsu biyu sun kalli inda bai kamata ba. Auta yana son ɗagowa, tana danne ƙeyarsa da gwiwar hannu. Ta ce Baffa ya duba agogo, sai an yi minti ashirin. Baffa ya tsaya yana duba agogo kamar ɗalibi.

Baba ya tashi da ƙyar, yana dafe da haƙarƙari. Bai zo wurin famfo ba. Ya ja ƙafa ya shiga cikin ledar, ya sunkuya a kan bonet, ya bi layin da babban yatsa tun daga sama har ƙasa.

"Ya kai ƙarfe," ya ce, ba da kowa yake ba.

Baffa ne ya kai su asibiti a tsohuwar motar garejin. Auta yana baya, ya riƙe tsabtataccen gefen farar rigar yayarsa a kunci. Sun yi nisa, sai a wani wurin tsayawa Baffa ya yi gyaran murya.

"Wallahi lamba dubu biyu ya sa. Mafi laushi. Kuma da ruwa ya yi, bai yi a bushe ba."



Likitar tsohuwa ce mai gilashi, ba ta da yawan tambaya. Ta kwantar da Auta, ta jawo fitila mai madubin ƙara girma, ta daɗe tana dubawa. Ta wanke, ta ciro ƙananan yashin samfefa da hantsaki ɗaya bayan ɗaya, tana ajiyewa a kan auduga. Auta ya cije leɓe har ya ƙara tsagewa.

"Wa ya yi wannan?"

"Mai gyara," in ji Nas.

"Ya kamata 'yan sanda su sani."

"Ni na kwanta da kaina," in ji Auta.

Likita ta dube shi ta saman gilashi, ta dubi bakin Nas da hannunta. "Ita ma da kanta ta kwanta?" Ba ta jira amsa ba. Ta shafa magani, ta rufe ciwon, ta rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta ce a dakatar da ƙwayar ƙurajen sai ciwon ya haɗe, sannan a ɗora daga inda aka tsaya. Ta ɗaure yatsun Nas a jikin ɗan katako, ta ce gobe a yi hoton ƙashi, kuma kar Nas ta sake riƙe ƙarfen matse ƙuraje sai bayan wata biyu. Ta fita ta bar su.

Baffa ya leƙo ta labule, waya a hannu.

"Babanku ya kira. Ya ce kar ɗayanku ya taka masa gida." Ya juya wayar a hannunsa. "Ya kuma ce in tambaya ko idon bai taɓu ba."

"Bai taɓu ba," in ji Nas.

Baffa ya saki labulen.

Auta yana kallon silin. Rabin fuskarsa fari fat da bandeji, ɗaya rabin ja da ƙuraje.

"Aikin ya tafi," ya ce.

"Ya tafi."

"Da kin bari ya gama, aƙalla da sun zo iri ɗaya."

"Da ka rasa biyu."

Ya juyo da kai ya dube ta, ya ce, "Gaya min gaskiya, Yaya. Ba irin ta asibiti ba."

Ta jawo kujera da ƙafa ta zauna. Ta nuna a nata kuncin, da hannun hagu.

"Nan, da nan, da nan, inda ya huda manyan ya kuma gurza. Rami za su bari, ba za su cike ba. Nan gefen muƙamuƙi wataƙila ya taso ya yi tudu, sai mun yi ta yi masa allura. Sauran zai yi baƙi, shekara ɗaya ko biyu, ya washe in ka guji rana."

"Na dama fa?"

"Allurar ta ɗan taɓa wuri ɗaya, ba ta shiga ba. In ka gama shan ƙwaya, ka bar shi ya huta, zai koma kamar ba a yi ba."

"Rabin fuska ke nan."

"Rabi."

Ya dubi hannunta da ke ɗaure.

A asibitin, duk wanda aka buɗe wa sabon fayil sai an ɗauki hoton fuskarsa, don a riƙa gwadawa wata bayan wata. Nas ta ɗauko kyamarar daga aljihun tebur, ta dafe ta a ƙirji da hannun da ke ɗaure, ta nemo maɓallin da babban yatsan hagu.

"Tashi zaune. Jingina da bango. Kalle ni."

Ta ɗauka.

"Juya, in ga na hagu."

Ya juya da sauri, idonsa a ƙasa. Ta ɗauka.

"Na dama."

Ya juya a hankali. Ya gyara zama, ya ɗan ɗaga haɓa.

"Hoton bai fito sosai ba," in ji Nas. "Tsaya a haka, kar ka motsa."